Keken Tambaya a Hannun Taubashi

Bungudu,
24 ga Oktoba, 1974.

Zuwa ga bawana Yusha'u ɗan Goggo Delu, malamin ɗakin shan magani a Tsafe.

Ga gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa, 'yar kaɗan, don kada kanka ya kumbura. Ina fata kun yi Sallah lafiya, kai da iyali. Mu ma nan sai godiya. Matata Luba tana gaida uwargidanka, ta ce in tambaya ko har yanzu tukunya biyu ake ɗora maka kai kaɗai.

Bayan haka, na san kana can kana cewa taubashinka ya yi girman kai, tunda damina ta zo ta wuce ba ka ga takardata ba. Baƙo na yi. Kurkunu ne ya sauka a ƙafata ta dama tun ana noman fari. Bara da rijiyoyi suka ƙafe, babu kududdufin da ban tsuguna na sha ba a hanyar Gusau, kai kuwa ka sha gaya mini ta nan yake shiga. Muna naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan yadda aka saba, sai ya tsinke a ciki, gwiwa ta ɗan kumbura, na ɗan kwanta. Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, kada ka fara murna.

Shekaranjiya na sauko da keke daga inda na rataye shi a zaure. Na goge shi, na sa wa kaca mai, na hura tayoyi, na hau daga ƙofar gida zuwa masallaci. Ƙafar hagu ke tuƙi, ta dama rakiya take yi. In feda ta zo sama gwiwar ba ta yarda ta lanƙwasa, sai na karkace. Na dawo ina haki, Luba ta leƙo ta ce, "Malam, mi kaka nema ga wanga keke? Bari ƙahwar ta warke mana." Ni da na fi shekara ashirin ina zuwa Gusau in dawo kullum, tun ana bin hannun hagu, yau masallaci ya zame mini tafiya.

Ga abin da ya sa nake sauri. Helmanmu, wato shugaban ma'aikata a gidan gurzar auduga, ya aiko cewa zai riƙe mini gurbina har a buɗe aiki bayan Babbar Sallah. Ɗana Haruna kuma, tun da ya sami aikin masaƙa ya sayi babur, ya zama mai shawara. Ya ce in dai ba zan iya hanyar ba, mu rufe gidan nan mu koma wurinsa a Damba, ga ɗaki ya gyara mana. Gaskiyarsa ce, gonar da ta rage ba ta ciyar da mu, sai da aikin. Amma ka san ba wanda ya saura a gidan Kaka sai ni. Ranar da na fita, damina biyu ta ishi ɗakunan nan su zube. Don haka ko dai ƙafar nan ta kai ni Gusau, ko in bar gida.

Da nake kwance ba abin da nake gani sai bangon ɗakin da muka kwana a ciki muna yara. Na tuna ranar da muka fara ɗauko keken haya a kasuwa, kai ka rantse ka iya, ka gangara ta bayan marina ba ka san inda birki yake ba. Kwana nawa ka yi shuɗi? Goggo Delu ta dirje ka da soso har ta gaji, Kaka yana zaune gindin kanya yana dariya har rawaninsa ya kwance. Allah ya jiƙansu duka. Kanyar tana nan, bana ma ta yi 'ya'ya.

Zan ba Dogo direba wannan takarda, tunda motarsa na bi ta ƙofarka in za shi Funtuwa. Ka amsa da wuri, in ƙiba ta bar ka ka riƙe alƙalami.

Ubangidanka,
Tambaya.

*

Tsafe,
2 ga Nuwamba, 1974.

Zuwa ga tsoho Tambaya, wanda tsutsa ta kayar.

Na amsa gaisuwarka, na kuma mayar maka da wadda ta fi ta ƙanƙanta. Mu duka lafiya lau. Ka gaya wa Luba tukunya uku ce yanzu, kuma ina yi mata jajen zama da gurgu. Maganar bawa kuwa, ba a taɓa yanke ta ba tun Kaka na da rai, ba kuma kai za ka yanke ta yau ba.

Ashe abin da ya ɓoye ka ke nan! Nan kullum sai na ga masu kurkunu, har 'yan mata, su zo da ƙafarsu su koma da ƙafarsu. Kai kuma ɗan zare ya kwantar da kai damina guda. To ji abin da za ka yi, kyauta na ba ka. Ka riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi safe da yamma. Ka ɗaga sirdi sama kaɗan don kada ta lanƙwasa da yawa. Kada ka hau da yunwa, kada kuma ka ƙara nisa sai ka ga ka kwana ba ta kumbura ba. Ruwan kududdufi kuwa, in dole ne, ka tace shi da tsumma mai kyau, ba da gemunka ba.

Haruna ya biyo ta nan wancan mako, ya je sayen dawa Kucheri, ya tsaya muka gaisa. Yaron kirki, wurin Luba ya gado. Na ga babur ɗin nasa, yana ta sheƙi.

Maganar marina ƙarya ce, kai ka saki kariyar bayan keken alhali ka ce kana riƙe. Amma ka sa na tuna gidan nan har ƙwalla ta kusa zubo mini. Na tuna ƙanshin dawa sabon girbi a rumbun tsakar gida, da yadda Inna, Goggonka Delu, kan kira mu cin tuwo mu yi kamar ba mu ji ba don muna gulbi. Rabona da kwana a ɗakinta tun rasuwarta. Aiki ya ɗaure ni a nan, ba mai karɓata ko ran kasuwa.

Yanzu ga hukuncina a matsayina na malamin asibiti. Tambaya, naka ya ƙare. Hawan keke ya wuce ka, sai dai labari. Ka tattara ka koma Damba ka zauna a inuwa jikoki su riƙa jan gemunka. Keken nan kuwa nawa ne, na ƙwace shi, haƙƙin taubashi ne. Ka ɗora wa Dogo shi ya kawo mini, da famfonsa da ƙararrawarsa, in riƙa ratayar da rigata a kai.

Wanda ya fi ka,
Yusha'u.

*

Bungudu,
12 ga Nuwamba, 1974.

Zuwa ga bawana mai nauyin hannu.

Ina gaishe ka ko da ba ka cancanta ba. Har yau ban ga amsarka ba, Dogo ma ban gan shi a hanya ba, an ce motarsa ta lalace a Funtuwa. Zan ba wani ɗan kasuwar auduga wannan.

Jiki alhamdu lillahi. Na yanke wa kaina doka: ba inda zan je da ƙafa. Masallaci keke, kasuwa keke, gona keke, ko goro zan saya a bakin titi sai na hau. Mutane suna ganin kamar gata nake wa kaina, ba su san makaranta na koma ba. Kwanakin farko in na sauka sai na dafa bango. Yanzu gwiwar ta fara yarda, ta dama ta soma biyan nata rabon. Cinyar ce dai ta zama kamar ta wani, wandona ma ya yi mini yawa.

Na fara fita bayan gari da sassafe. Yau in kai gada in juyo, gobe in wuce ta kaɗan. Jiya har na kai tsamiyar nan ta rabin hanya, inda matan Fulani ke ajiye ƙwarya. Tsohuwar cikinsu, Hasana, wadda na daɗe ina sayen nono a wurinta, ta gan ni ta riƙe baki ta ce, "Mai keke, ashe kana duniya? Mu mun ce ko ka yi ƙaura." Ta dama mini fura ta ƙi karɓar komai. Na zauna ina kallon hanya, sai na ji daɗi ya kama ni kamar yaro. Ban san ina son hanyar nan haka ba sai da na rasa ta. Na san kowane rami, na san inda iska ke juyowa, na san gonar da ake fara tsinkar auduga kowace shekara. Da can da asuba mu fi goma muke jerawa masu zuwa aiki Gusau, ana hira ana ƙararrawa. Yanzu wasu sun mutu, wasu sun koma birni, wasu sun hau babur ba sa ko ɗaga hannu.

Dawowa ce ta ba ni wuya, tudun nan na kusa da gari sai da na sauka na tura. Luba na cewa in bi a hankali. Na san sannu ba ta hana zuwa, amma Sallah ba za ta jira ni ba. Litinin mai zuwa in Allah ya so zan shiga Gusau in dawo a rana ɗaya, yadda aiki zai buƙata, in gaida helma ya gan ni a kan keke da idonsa.

Ubangidanka,
Tambaya.

*

Bungudu,
25 ga Nuwamba, 1974.

Zuwa ga Yusha'u.

Bayan gaisuwa. Na je Gusau ran Litinin ɗin da na ce. Zuwa na kai, helma ya gan ni. A dawowa, tun ban kai tsamiya ba ƙafar ta ɗauke, na faɗi a gefen titi, keke ya danne ni. Na kasa tashi. Masu amalanke suka kwaso ni har gida, ni da keken, unguwa duka tana kallo. Gwiwar ta sake kumbura, kwanakin nan a tabarma na yi su.

Jiya Dogo ya kawo takardarka. Na karanta ta sau da yawa. Ka ce Haruna ya zo wurinka. Na gane ya gaya maka yadda ƙafar take, ba yadda ni na gaya maka ba, kai kuma ka san aikinka. Tunda ka ce nawa ya ƙare, ya ƙare.

Ga keke nan wurin Dogo, da famfo da ƙararrawa. Birkin baya yana son a matse shi tun da nisa. Kada a bar shi a rana.

Tambaya.

*

Tsafe,
28 ga Nuwamba, 1974.

Zuwa ga Yayana Malam Tambaya, tare da girmamawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina yi maka sannu da jiki. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Ina gaida Luba da ɗawainiya.

Yaya, da Dogo ya sauke keken nan a ƙofar ɗakin shan magani na ɗauka wani wasan ne ka shirya mini, har na fara dariya. Da na buɗe takardar sai dariyar ta tsaya. Takardarka ta tsamiya ma sai daga baya ta iso. Wallahi wasa nake yi. Tun farkon wata na rubuta waccan magana, kafin ka faɗi, lokacin da ka ce mini gwiwa ta ɗan kumbura, ka ɗan kwanta. Sai da na tsare Dogo da tambaya ya gaya mini wata uku ka yi ba ka taka ƙasa ba, har an fid da rai da ƙafar. Haruna bai ce mini komai ba, gaisuwa muka yi da zancen tsadar dawa. Da na sani da bakina bai furta haka ba. Baki shi ke yanka wuya, yau na gani a kaina.

Kai mutum ne mai haƙuri da riƙon zumunci. Kai ka riƙe gidan Kaka lokacin da duk muka watse, kai ka yi jinyar Inna har ta cika ina nan ina aikin gwamnati. Ban taɓa gode maka ba, yau ina godewa. Ina roƙonka don Allah ka yafe mini.

Keken yana cikin ɗakina, na lulluɓe shi da zane. Na rasa yadda zan yi da shi. In na ɗoro shi a mota na mayar maka da kyautarka, ka ce na raina ka. In na riƙe, na zama wanda ya raba ka da gida. Ka faɗa mini abin da kake so, shi zan yi.

Ƙaninka mai biyayya,
Yusha'u.

*

Bungudu,
10 ga Disamba, 1974.

Zuwa ga Yusha'u.

Muna lafiya gwargwado. Kumburin ya saɓe, ina takawa da sanda.

Takardarka ta zo. Na karanta wa Luba. Tun daga Yayana Malam ta ajiye tankaɗen da take yi, da na kai wurin mai haƙuri da riƙon zumunci sai ta fashe da kuka. Ta ce, "Shi ke nan. Yusha'u ya san abin da ba mu sani ba."

Ni ma abin da na gani ke nan. Shekara hamsin muna tare, ko a ranar aurena ba ka kira ni Malam ba, ɓarawon amarya ka kira ni a gaban surukaina. Ka tuna Baba Ibrahim, taubashin mahaifina? Duk rayuwarsu ban taɓa jin ya faɗi alherin mahaifin nawa ba, in sun haɗu sai ya fizge masa hula. Ranar da aka fito da gawar mahaifina ne Baba Ibrahim ya tsaya a zauren nan ya ce Malam mutumin kirki ne, mai riƙon zumunci, ya roƙi gafararsa. Kalmomin da ka rubuto mini ke nan, kusan ba ka canza ko ɗaya ba. Ni ban san wata rana da taubashi ke yabon taubashi ba sai wannan.

Don haka ina tambayarka, kai da ka ga masu irin ciwon nan da yawa. Ƙafar ce za a yanke, ko abin ya shiga jini? Ka gaya mini ƙarara, ba yaro ba ne ni. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba, amma zaman rashin sani ya fi tsoron ciwo.

Na ce wa Haruna to. Bayan Sallah zai kawo mota. Luba ta fara sauke jerenta tana ɗaurewa a tsumma. Jiya na zagaya ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, na tsaya a na Goggo Delu, har yanzu ga baƙin hayaƙin fitilarta a bango. Na rasa wanda zan ba makulli. In kana son wani abu daga ɗakinta, ka faɗa kafin mu rufe.

Keke naka ne, ka daina lulluɓe shi kamar gawa.

Tambaya.

*

Tsafe,
14 ga Disamba, 1974.

Zuwa ga Tambaya sarkin matsorata.

Ba gaisuwa yau, ba ka ci ta ba. Luba kaɗai nake gaidawa, ka ce ta share hawayenta, ba ta rabu da wahala ba tukuna.

Kai wane irin mutum ne? In zage ka ka aiko mini da keke, in girmama ka ka fara rabon gado. Mutuwa me za ta yi da kai? Ƙashi da gemu? Na janye Malam, na janye Yaya, haƙurin ma na janye, ban taɓa ganin mai taurin kai irinka ba.

Ga gaskiyar da ka nema, ka buɗe kunne. Ba mai yanke maka ƙafa, ba abin da ya shiga jini. Wanda kumburinsa ya saɓe har yana zagaya ɗakuna yana neman abin kuka, ya warke. Abin da ya kayar da kai wauta ce. Mutum ya tashi daga jinyar wata uku, ya yi 'yan makonni yana zuwa sayen goro, sai ya ce zai je Gusau ya dawo a rana ɗaya, na kuma tabbata ko koko ba ka sha ba. Ko doki aka yi wa haka zai durƙusa. Wa ya ce dole sai ka zaɓa tsakanin Bungudu da Damba? Ka je aiki da safe, ka kwana ɗakin da Haruna ya gyara, washegari in an tashi ka komo gida. Ƙafa ta yi rabin aiki kullum har ta ƙoshi. Kafin zafi ya shigo za ka koma yadda kake, in ban da muni.

Maganar keke kuwa na sami mafita. Ba kyauta ka ba ni ba, ƙwacewa na yi, na kuwa rubuta maka haka. Abin da taubashi ya ƙwace fansarsa ake yi. Fansar wannan tuwon dawa ne da miyar kuka, a tsakar gidan Kaka, ba a Damba ba.

Asabar ɗin bayan Sallah na sami mai riƙe mini aiki. Dogo zai sauke ni a Gusau da keken, daga nan zan hau shi in nufo Bungudu. Ka san rabona da keke tun kafin a haifi Haruna, ka kuma san abin da na zama. Duk inda na faɗi, nan za ka zo ka tsinci kayanka. In ba ka zo ba, duk mai wucewa zai ga keken Tambaya a ƙarƙashina yana kuka.

Ka ce wa Luba ta dakata da ɗaurin kaya.

Wanda ya fi ka har gobe,
Yusha'u.

*

Bungudu,
12 ga Janairu, 1975.

Zuwa ga bawana, buhun gero mai hula.

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka sannu da zama, don na ji an ce har yau a tsaye kake ba mutane magani. Mu nan lafiya ƙalau. Luba ta ce a gaya maka tukunyar da ka kankare ta huje.

Na rubuto ne don in ajiye labarin yadda ya faru, saboda Dogo ya ce kana can kana gaya wa mutanen Tsafe wai kai ka tuƙo keke har Bungudu. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tun da takardarka ta zo haushi ya sa na ari keken maƙwabci ina zagaya gari, don kada ka same ni da sanda. Ran Asabar ina zaune a zaure tun hantsi, sai wani mai babur ya tsaya ya ce ya ga kekena a gindin tsamiya, da wani ƙato kwance kusa da shi matan Fulani na yi masa fifita. Na bi masu jakuna da za su Gusau, suka ɗora ni a kan ɗaya. Na same ka rigar Sallah ta jiƙe sharkaf, ka shanye wa Hasana rabin ƙwarya, kana cewa a gaya wa iyalinka ka yafe musu.

Na ce mu jira mota, ka ce kai ka yi rantsuwa a kan keke za ka shiga Bungudu, kuma ƙafarka ba za ta ƙara taɓa feda ba har abada. Ka haye kariya ka zauna, ka ce, "To ubangida, tunda kai ka ce ni bawanka ne, kai kayanka gida." Tayar baya ta kusa taɓa ƙasa. Na tuna kusa da wurin nan ne ƙafar ta taɓa ci mini amana. Na yi bisimilla na taka. Ta yi ƙara, ta yi zafi, amma ta juya. Kana baya kana zagin tuƙina, kana cewa ko jaki ya fi ni sauri, ni kuma ina ramawa, ban ankara ba sai ga gada. Da muka shigo unguwa mutanen da suka ga an kwaso ni a amalanke suna zaune a inda suke. Na buga musu ƙararrawa har sai da suka miƙe.

Ka ci fansarka, ka kwana ɗakin Goggo. Da safe na ga idonka ya yi ja, ka ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta a ɗakin nan ba shekara da shekaru.

An buɗe gurza, ina kan aikina na ɗaurin dila. Ina bin shawararka, ba don taka ba ce, don dai ta yi daidai da tawa. Kwana ɗaya Damba, kwana ɗaya gida. Haruna ya ɗan yi fushi, amma da ya ga jikokina sun samu mai goya su a keke ya sauko. Ranar Alhamis na je na dawo a rana ɗaya, na kwana ba kumburi. Luba ta mayar da jerenta, na kuma yi magana da magina su zo su yi wa ɗakunan yaɓe kafin ruwa ya sauko.

Saura abu ɗaya. A hanyar nan tamu na lura duk inda muka doso tudu sai fitsari ya matse ka. Ka sauka, ka shiga bayan geza, ka ce in wuce in jira ka a sama. Sai in hango ka kana hawowa da ƙafa, kana haki, kana riƙe da ƙugu. A gangara kuwa ko sau ɗaya bai taɓa kama ka ba. Ban ce maka komai ba ranar, yau ma ban ce komai ba. Amma ka nemi magani, kai ne malamin asibiti.

Ubangidanka,
Tambaya.